Ƙaurar Amya a Bakin Iyakar Gobir

Shekaruna tara a daren da na fara ganin an yi wa ƙudan zuma ƙaura. Cikin watan Nuwamba ne na 1984, shekarar da gero ya bushe a tsaye a gonakinmu tun bai gama bununi ba. Bayan sallar lisha kakana ya tashe ni daga kan tabarma, ya miƙa mini igiyar jaki, ya ce, “Taho, aboki, mu kai baƙi masauki.” Muka fita bayan gari ni da shi da ƙanin mahaifina, har gindin wata tsohuwar tsamiya da ke ɗauke da amyoyinsa uku na ƙarshe da zuma ba ta gudu ta bari ba. Baffana ya hau, ya toshe ƙofar kowace amya da tsumma, ya zuro su ƙasa da igiyar kaba ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai sauke jinjiri. Aka ɗaura biyu a kan jaki, dama da hagu, baffana ya ɗauki ta ukun a ka. Ina jin gunjinsu a cikin ciyawa, kusa da kunnena, jikina yana ɓari. Tsohon ya dube ni ya ce, “Mi kaka tsoro? Kai dai kak ka bari jakin ga shi yi sassarfa. In saƙa ta karye, mun yi aikin banza.”

Muka kwana muna tafiya. Asuba ta yi mana a fadamar Bunsuru, inda gawo ya yi layi a bakin gonaki, ganyensa kore shar a lokacin da komai ya bushe, furensa yana ƙamshi. Kafin rana ta fito an ɗora amyoyin bisa rassa an buɗe ƙofofinsu. Biyu sun zauna. Ta ukun, ɗaya daga cikin waɗanda jakina ya ɗauko, saƙarta ta ruguje a hanya ta danne ’ya’yan, kuma kafin kwana uku zumar da ke ciki ta tashi. Kakana bai taɓa ce mini laifina ba ne, ni kuwa har yau ban yafe wa jakin nan ba.

Littattafan tarihin ƙasarmu sun cika da sarakuna da yaƙe-yaƙe, kuma haka ya kamata, domin Gobir gidan faɗa ce. Sai dai akwai wani tarihin da ke tafiya a gefen wannan, wanda ake iya karantawa a rassan itatuwa. Duk inda mai zuma ya ɗora amyarsa, ya ba da shaida cewa a wannan shekara akwai fure a wurin, akwai ruwa kusa, akwai kuma kwanciyar hankalin da zai bar mutum ya hau itace da tsakar dare ya sauko lafiya. In aka bi sawun amya daga itace zuwa itace tsawon shekara ɗari biyu, za a ga yadda ƙasar Isa da Sabon Birni ta sauya kama.

Ƙasar tamu iri biyu ce, tudu da fadama. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gangarowa daga kudu su haɗu su zama Rima, Gulbin Maraɗi kuma ya tsallako daga Nijar ya zuba a ciki a yankin Sabon Birni. Tsakanin waɗannan gulabe akwai jigawa mai yashi, ta gero da wake. Damina a nan gajera ce, wata huɗu in Allah ya kawo ta da kyau, saura duk rani ne. Ƙudan zuma kuwa ba ya azumi. Abin da ya sa kiwonsa ya yiwu a irin wannan wuri shi ne itatuwa ba sa fure lokaci ɗaya. Da damina bagaruwa na fure, ga ciyayi, ga bununin gero da darɓar dawa, ga furen wake da kabewa da riɗi. Damina na ja da baya magarya ta karɓa. Daga nan sai gawo, wanda ya saɓa wa duk sauran itatuwa: yana zubar da ganye in ruwa ya sauka, ya yi tofo ya yi fure in kaka ta shigo, daidai lokacin da daji ya fara ƙonewa. Idan sanyi ya wuce sai aduwa, da ɗorawa a inda take. Wahalar tana cikin bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, tafkuna su ƙafe, ƙudan zuma ya koma yana cinkoso a bakin rijiya yana harbin mata masu ɗiban ruwa. Kakana ya san wannan jeri kamar yadda malami ya san watannin Musulunci, kuma ya san wane itace ne a gonar wane ne yake riga ’yan’uwansa fure.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da amyar gargajiya, domin a kansa duk maganar ta tsaya. Ana saƙa ta da gamba ko siraran kara, doguwa kamar ganga, a shafe cikinta da ɗanyen kashin shanu, a bar ta ta bushe, a turara ta da haɗin ganyaye da saiwoyi wanda kowane gida yake ɓoye nasa, sannan a rufe bakinta da faifai mai ƙaramar kafa. Wannan amya fanko ake ɗora ta. Mai zuma a ƙasar Hausa ba ya sayen ƙudan zuma, ba ya kamo shi. Gida yake ginawa ya jira baƙo. Dalili kuwa shi ne ƙudan zuman Afirka matafiyi ne da kansa. In abinci ya yanke, ko ruwa ya yi nisa, ko kwarkwasa ta dame shi, sai rundunar duka ta bar saƙarta ta kama hanya. Saboda haka ƙaurar da aka saba yi tun kaka da kakanni ita ce ta amyar da babu kowa a ciki. Ana kwance ta daga itacen da furensa ya wuce, a gyara ta, a sake turara ta, a kai ta inda ake sa ran zuma za ta biyo nan da mako biyu ko uku. Gwanintar mai zuma ita ce ya riga ƙudan isa wurin.

Wannan yawo yana da ƙa’ida. Itacen da ke cikin gona na mai gona ne, ba a ɗora masa amya sai da izininsa, kuma ranar ɗiba ana aika masa da farar saƙa a ƙwarya. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Zuma, wanda yake raba gardama tsakanin masu sana’ar, yake kuma tara abin da za a kai fada. Satar zuma daga amyar wani abin kunya ne babba, irin wanda ake yi wa jikoki gori da shi. Da wannan amana ne mutum zai bar dukiyarsa a kan itace, tafiyar yini daga gidansa, ya yi wata biyu bai leƙa ta ba.

Gobirawa ba baƙin ƙaura ba ne. Daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle, suka ci gaba da matsowa kudu har Sarki Babari ya ci Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 ya kafa Alƙalawa a bakin Rima. Nan Bawa Jangwarzo ya yi zamaninsa. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, Sarki Yunfa ya mutu a ciki. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali ya faɗi, waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarƙashin Mayaƙi. Daga baya, wajen shekarun 1860, Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa sansani ce ta Sakkwato, an kafa ta ne don tsare wannan iyaka.

Abin da wannan doguwar gaba ta yi wa ƙasa shi ne ya shafi zancenmu. Inda mahara ke kai da komo, manomi ba ya zama. Mutane suka tattare cikin garuruwa masu ganuwa, filin da ke tsakani ya koma kurmi. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Zurmi da Badarawa da sansanin Isa a 1853, ya ratsa dajin Gundumi a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ayarinsu ya yi tafiyar sa’a 26 babu zango, saboda tsoron mayaƙan Gobir da rashin ruwa. Dajin da ya firgita fatake haka, ga ƙudan zuma rumbu ne: sabara da geza da ƙaya iri-iri da marke, babu gatari, babu garma. Zuma ta yi yawa a lokacin da zuwa ɗibarta ya fi kowane lokaci hatsari. A gidanmu ana ba da labarin cewa kakan kakana ba ya wuce gonakin da ake hango ganuwa daga cikinsu, kuma ko a nan ɗin amya ba ta kwana bakwai fanko. Daji ne yake aiko masa da baƙi har ƙofar gari, shi ba ya bukatar ya bi su.

Zuwan Turawa ya juya al’amarin. Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 suka ja layi a tsakiyar Gobir, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila, aka bi aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ƙudan zuma dai bai san da wannan layi ba, masu zuma ma sun daɗe ba su ɗauke shi bakin komai ba, tunda mai gonar da ke hayin can sau da yawa kawu ne ko suruki. Abin da ya fi layin tasiri shi ne ƙarewar hare-hare. Mutane suka fito daga ganuwa, aka kafa tungaye da ƙauyuka, aka sare daji. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka sami hanyar zuwa teku, haraji kuma ya tilasta wa kowa neman tsabar kuɗi. Kakin zuma, wanda da dukawa da maƙeran farfaru ne masu sayensa, ya shiga cikin kayan da kantunan Turawa ke awo tare da fata da ƙaro. Sana’ar ta ƙara daraja a daidai lokacin da dajin da ke ciyar da ita yake ja da baya. A zamanin ne, in ji kakana, mahaifinsa ya fara ɗaura amyoyi fanko a kan jaki yana kai su gefen Gundumi da damina, ya dawo da su fadama da kaka. Hukumar En’e ta keɓe gandun daji, ta hana sara da saka wuta, sai mai zuma, wanda ba ya ɗiba sai da wuta, ya zama abin zargi a wurin ma’aikatan gandu, alhali shi ne mutumin da ya fi kowa son itacen ya rayu. Gaskiya kuma ba duka zargin ne ƙarya ba: mafarautan zumar kogo, masu ƙone itace don saƙa ɗaya, sun jawo wa masu amya baƙin jini.

Sai fari. Tsofaffi suna tuna Ƙaƙalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, amma a lokacin akwai sauran dajin da zuma za ta fake a ciki ta dawo. Farin 1972 zuwa 1974 ya tarar da ƙasa ta riga ta yi sanƙo. Dabbobi suka mutu, makiyaya suka sassare rassan gawo da marke don ceto abin da ya rage, manyan itatuwa da yawa suka bushe a tsaye. Kakana ya ce a shekarun nan ya ɗora amyoyi sama da ashirin, ya turara su har turarensa ya ƙare, ko ɗaya ba a shiga ba. Wannan ne ya koya masa cewa rundunar da ke hannu ta fi wadda ake jira, kuma shi ya sa da 1984 ta zo ya yi abin da ubansa bai taɓa yi ba, ya ɗauki amya da masu gida a cikinta.

Sai da na girma na gane cewa duk abin da ya yi a daren nan yana da dalili. Da dare aka tafi domin a lokacin ne duk masu fita kiwo suke gida, kuma sanyi yana sa kaki ya yi tauri. An ɗaura amyoyin yadda suke kwance a kan reshe, ba a juya su ba, domin saƙa a rataye take daga sama, in aka karkata ta nauyin zuma zai tsinke ta. Nisan tafiyar ma da gangan ne. Ƙudan zuma yakan yi kiwo a kewayen kilomita biyu zuwa uku daga gidansa, ya haddace itatuwa da hanyoyin wurin. In aka matsar da amya tafiya kaɗan, masu kiwo za su fita da safe su gane ƙasar, su koma tsohon reshe su taru a can su mutu. Dole a kai su inda ba su san komai ba, su sake koyon hanya daga farko. Kakana bai san kilomita ba. Ma’auninsa shi ne a yi tafiyar da jaki zai gaji.

Ba shi ya fara wannan dabara a duniya ba. Filini, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ba da labarin mutanen wani gari a bakin kogin Po na Italiya, waɗanda in fure ya ƙare musu sai su loda amyoyi a jiragen ruwa su haura kogi da dare, suna sauya zango, har sai nutsewar jirgi ta nuna musu saƙa ta cika, sannan su juyo gida. A Amurka ta yau, duk watan Fabrairu manyan motoci suna kwasar akwatunan zuma kimanin miliyan 2 zuwa gonakin almon na Kalifoniya, kuma a can mai gona ne yake biyan mai zuma, domin ba a samun ’ya’ya sai ƙudan ya bi fure. Wannan ya ba ni dariya ranar da na fara karanta shi, da na tuna ƙwaryar farar saƙa da ake aike ni in kai wa masu gona. Ashe su ne ke da bashinmu.

Abin da ya sauƙaƙa wa Amurkawa shi ne akwatin da Langstroth ya yi wa rajista a 1852, mai firam-firam da ke riƙe saƙa ko da mota tana tsalle. Irinsa, da wani mai sauƙin ƙira da aka fito da shi a Kenya, sun iso ƙasarmu ta hannun shirye-shiryen tallafi. Ba na raina su, zumarsu ta fi tsabta kuma ba a kashe ’ya’ya wajen ɗiba. Amma wanda ya kawo su ya ɗauka matsalarmu ta gida ce, alhali ta abinci ce. Akwati yana zama ƙasa-ƙasa, inda gara da ɓarawo da wutar daji suke samunsa, kuɗinsa kuma ya sayi amyar ciyawa goma. Na ga akwatuna masu fenti an jera su a filin da babu furen da zai ciyar da runduna ɗaya, ana mamakin abin da ya sa zuma ta ƙi zama. A halin nan kuma gatarin masu gawayi bai huta ba, feshin wake da na kayan fadama yana kashe masu kiwo a kan fure, maganin ciyawa ya share ƙananan furannin da ke cike gurbi tsakanin itace da itace.

Darasin da ya fi amfani yana hayin iyaka, wurin ’yan’uwanmu. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututturen da ke tofo a gona, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu a bar su su girma. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa shi, kuma ya kankama sosai bayan da hukuma ta sassauta riƙon da take yi wa itatuwa, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne. An ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar ta wannan hanya, kuma gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. A shekarun 2000 yayana, wanda ya gaji sana’ar, ya riƙa kai amyoyinsa arewa, gonakin dangin mahaifiyarmu, da shigowar kaka. Kakanmu kudu ya sani da ni’ima. Da ya ga jikansa yana bin fure zuwa wajen hamada, da ya riƙe baki.

Wannan hanya ma ta toshe. Daga 2019 ’yan bindiga suka mamaye dazuzzukan gabashin Sakkwato, dubban mutane suka tsallaka gudun hijira zuwa yankin Gidan Runji. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum sama da 70 a rana ɗaya a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da maƙwabtansu. A watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Gundumi ya koma abin da Barth ya tarar, wurin da ake ratsawa da gudu in ma an ratsa. Masu zuwa itace a ɓoye suna cewa gonakin da aka bari sun fara komawa sabara da geza, kuma zuma ta yawaita a kogunan itatuwa. Sana’ar da ake yi da dare, da wuta a hannu, a bisa itace, ita ce ta farkon mutuwa a irin wannan zamani, domin hasken da mai ɗiba ya kunna ana hango shi daga nesa.

Amyoyin yayana goma sha ɗaya suna can inda ya bar su a daminar 2021, in gara ta bar wani abu. Shi da iyalinsa suna zaune a ɗaki biyu na aro a cikin gari. Da na je gaishe shi a bazarar da ta wuce, na tarar ya samo kara ya saƙa amya biyu ƙanana, ya roƙi mai unguwa izini, ya ɗora su can ƙololuwar wani dogon yaro a bayan maƙabarta, nesa da hanyar yara. Dogon yaro baƙo ne a ƙasar nan, zamanin Turawa aka kawo shi, kakanmu kuma ba ya ɗora masa amya, yana cewa zumarsa da ɗaci-ɗaci. Na tuna wa yayana wannan. Ya ce, “Shi tsoho yana da zaɓi.” Sannan ya kama hannuna ya ja ni gindin itacen, ya ce in yi shiru in saurara. Ta hagun fanko ce. Ta daman kuwa an shiga kwana tara da suka wuce, kuma tun da asuba yake kai musu ruwa a kasko, da ’yan tsakuwa a ciki don kada su nutse.